Yadda Ake Koyon Numfashi da Lura, don Amfanin Jiki, Tunani da Ruhi

Ba ka da ikon umartar zuciyarka ta rage gudu, ba ka kuma iya ce wa hanjinka ya dakata da aiki. Numfashi kuwa yana tafiya da kansa dare da rana, amma duk lokacin da ka nemi ragamarsa zai miƙa maka. Idan ka sassauta shi, zuciya takan bi sahu, tsokoki su saki, tunani ma ya rage tsalle-tsalle. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa, wato sama da sau 17,000 a kwana guda, kusan dukkansu ba da saninsa ba. Abin da zan koya maka shi ne yadda za ka ware kaɗan daga ciki ka yi su da lura.

Akwai magana ɗaya da nake so ka riƙe tun yanzu, domin a kanta mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe: ba yawan iska ake nema ba. Da zarar an ce wa mutum ya yi numfashi mai kyau, sai ka ga ya ɗaga kafaɗu, ya buɗe baki, ya zuƙi iska iya ƙarfinsa, kafin minti biyu ya fara kukan jiri. Numfashin da ke kwantar da jiki siriri ne, a hankali yake tafiya, ƙasa yake sauka, kuma fitarsa ta fi shigarsa tsawo.

Abubuwan da za ka tanada

Wuri mai iska, inda ba hayaƙi, ba ƙura, kuma ba wanda zai kira ka na minti goma. Ba sai ya yi tsit ba. Ƙarar da ke nesa ba ta hana komai, wadda ke neman amsarka ce take hanawa.

Kujera mai tauri wadda tafin ƙafafunka ke taɓa ƙasa idan ka zauna, ko shimfiɗa da matashi guda. Kujera mai laushi da mutum ke nutsewa a cikinta tana danne ciki, ka guje mata.

Agogo mai nuna sakan, ko waya da aka kashe wa sauti. In babu ko ɗaya, ƙirga a zuci ya wadatar, gaɓoɓin yatsu kuma su riƙe maka adadin zagaye.

Tufafi masu sakewa. Ka kwance bel ko duk abin da ya matse ƙugu.

Littafi ɗaya mai ɗan nauyi, da takarda da biro.

Game da lokaci, ka bar aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci mai nauyi, domin cikakken ciki ba ya barin numfashi ya sauka. Safiya kafin hidima ta fara da dare kafin barci su ne suka fi sauƙin kiyayewa.

Ɗan abin da ya kamata ka sani game da jikinka

A ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Ita ce babbar ma'aikaciyar numfashi. Idan ta motsa sai ta yi ƙasa, huhu ya samu wurin buɗewa, kayan ciki kuma su ɗan turo gaba. Shi ya sa cikin jariri mai barci yake tashi yana sauka. Iska ba ta shiga ciki, a huhu take tsayawa, tashin cikin alama ce kawai cewa tsokar tana aikinta. Mutumin da ya daɗe cikin damuwa ko zaman sunkuye yakan koma numfashi da saman ƙirji, wuya da kafaɗu su ɗauki aikin da ba nasu ba, su yini suna ciwo.

Abu na biyu ya shafi iskar da muke fitarwa. Abin da ke sa ka jin buƙatar numfashi, galibi ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar iskar kabon ce a cikin jini. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma tana ɗauke da kusan kashi 16, ka ga ke nan mai lafiya ba ya cikin ƙarancinsa. Idan ka yi ta zuƙa da fesarwa da sauri, iskar kabon ce take raguwa fiye da ƙima, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri ya zo, yatsu da gefen baki su fara sagewa.

Na uku, akwai wata doguwar jijiya, ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda ta sauko ta wuya ta isa zuciya da huhu da hanji. Ita ce babbar hanyar da jiki ke bi ya sauka daga halin tashin hankali zuwa hutawa. Duk lokacin da ka shaƙa, bugun zuciya yakan ɗan ƙaru, idan ka fitar kuma ya ɗan ragu, kuma wannan jijiyar ce ke rage shi. Tsawaita fitarwa yana ba ta ƙarin lokacin aiki. Ilimin da kake buƙata ke nan.

Waɗanda za su fara tuntuɓar likita

Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, mai ciwon huhu na dindindin, mace mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Numfashi mai laushi ba ya yawan kawo musu matsala, amma duk wani salo da ke da riƙe numfashi, kada su shiga sai da izini. Mai asma kada ya ajiye maganinsa, kuma kada ya ci gaba da atisaye alhali ciwon ya taso. Ga kowa da kowa kuma: ba a riƙe numfashi a cikin ruwa, ba a yi ana tuƙi, ba a yi a tsaye a wuri mai tsawo. Mutum yana iya suma ba tare da wani gargaɗi ba, a cikin ruwa kuwa suman nan ajali ne.

Mataki na 1: Ka auna kanka kafin ka canza komai

Ka zauna na minti biyu ba ka yin komai. Sannan ka duba agogo ka ƙirga numfashinka na minti ɗaya, shiga da fita a matsayin ɗaya. Ka rubuta adadin da kwanan wata. Ka kuma rubuta amsar tambayoyi uku: ta hanci iskar ke bi ko ta baki? Ƙirji ne ke motsi ko ciki? Kafaɗu suna ɗagawa? Da zarar mutum ya fara lura, numfashin yakan ɗan canza da kansa, wannan ba ya ɓata awon. Idan akwai wani kusa, ka roƙe shi ya ƙirga maka a lokacin da ba ka sani ba, awonsa zai fi naka gaskiya.

Mataki na 2: Zama

Ka zauna a gaban kujera ba tare da jingina ba, ƙafafu a ƙasa, baya a miƙe amma ba a ƙage ba. Haɓa ta ɗan yi ƙasa kaɗan, haƙora kada su haɗu, harshe ya kwanta. Ka ɗaga kafaɗu har kusa da kunne, ka sake su su faɗi, sau biyu. Ido a rufe, ko a buɗe yana kallon ƙasa ɗan nesa da ƙafafunka. Mai ciwon baya ya jingina, ya sa matashi a ƙugu. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa ta zauna ko ta kwanta ta gefe maimakon rigingine.

Mataki na 3: Saukar da numfashi ƙasa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma ina roƙonka kada ka wuce shi da gaggawa. A kwanakin farko ya fi sauƙi a kwance. Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ka ɗora hannu ɗaya a kan ƙirji, ɗaya a kan cibiya.

Ka fara da fitarwa, ba da shaƙa ba. Ka bar iskar da ke ciki ta fita ta hanci har ta ƙare da kanta, ba tare da ka matse ta ba. Ka ɗan jira. Jiki zai nemi iska, sai ka bar ta ta shigo ta hanci a hankali, kana lura da hannun da ke kan cibiya. Shi ya kamata ya tashi, na ƙirji kuma ya kusan zama a wurinsa. Idan na ƙasa ya gama tashi ba tare da wahala ba, shaƙar ta isa. Kada ka cika huhu fam. Ka saki, ciki ya sauka da nauyinsa.

Idan hannu bai nuna maka komai ba, ka ɗora littafin nan a kan cibiya, ka ɗan tayar da kai da matashi don ka riƙa ganinsa. Ido yakan koya wa jiki abin da bayani ya kasa. Ka yi haka na minti biyar.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne turo ciki waje da ƙarfin tsokar ciki, alhali iska ba ta sauka ba. Mutum yana iya kumbura cikinsa ko da ya toshe hanci, don haka tashin ciki shi kaɗai ba shaida ba ne. Ga yadda za ka tantance: ka dafa ƙananan haƙarƙarinka ta gefe biyu da tafin hannu. Idan tsokar ƙarƙashin huhu tana aiki da gaske, za ka ji haƙarƙarin suna buɗewa gefe, har bayanka ma yana ɗan danna shimfiɗa. Idan ciki kaɗai ke fitowa, haƙarƙari ba sa motsi, ka rage ƙoƙari da rabi ka sake gwadawa. Kusan kullum rage ƙoƙari ne maganin, ba ƙara shi ba.

Kuskure na biyu shi ne ƙara. Idan wanda ke zaune kusa da kai yana jin shaƙarka, ta yi ƙarfi.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan hanci: yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta kafin ta isa huhu, kuma ƙanƙantar kafarsa tana rage saurin numfashi ba tare da ka yi wani ƙoƙari ba. Idan ka ji kafa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, kada ka damu, haka hanci yake, kafofin suna karɓa-karɓa duk bayan 'yan awoyi. Idan mura ta toshe duka biyun, ka shaƙa ta baki a ɗan buɗe kaɗan, ka fitar ta leɓɓa a tsuke, ka koma hanci idan ya warware.

Idan ka iya a kwance, ka koma zaune, daga baya a tsaye. Wasu sukan kama cikin zama ɗaya, wasu sai sun yi mako biyu. Duka daidai ne.

Mataki na 4: Tsawaita fitarwa

Yanzu ka shigo da ƙirga. Ka shaƙa kana ƙirga 3, ka fitar kana ƙirga 4 ko 5. Idan ya zauna, ka koma shaƙa 4, fitarwa 6. Dabarar ita ce ka rage kaurin iskar da ke fita, ba ka matse huhu har ƙarshe ba. Wanda iskarsa ke ƙarewa tun a ƙirga ta biyu, ya tsuke leɓɓansa ya bar 'yar ƙaramar kafa a tsakiya, ya fitar ta nan. Wannan salon ne ma'aikatan lafiya suke koya wa masu ciwon huhu na dindindin, domin yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri.

Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa, ka nemo bugun jini. Ka bi shi na 'yan zagaye. Da yawa sukan ji yana ɗan sauri a shaƙa, yana lafawa a fitarwa, musamman matasa, domin bambancin yana raguwa da shekaru. Ina son masu koyo su ji wannan da hannunsu, domin daga ranar ba sa buƙatar kowa ya tabbatar musu cewa abin yana aiki.

Alamar cewa ka zarce ita ce, bayan fitarwa sai ka fizgi iska da sauri. Idan haka ta faru, ƙirgar ta yi maka tsawo, ka rage ɗaya. Ba gasa ake ba.

Mataki na 5: Sau shida a minti

Sakan 4 na shaƙa da sakan 6 na fitarwa sun zama sakan 10, wato numfashi 6 a minti. A wajen wannan adadin ne numfashi da bugun zuciya da hawa da saukar jini suke daidaita tafiyarsu, kuma a nan ne aka fi ganin amfani ga jiki: zuciya ta natsu, awon jini ya ɗan sauka, hannaye su yi ɗumi. Sauƙin da yake kawo wa hawan jini matsakaici ne, taimako ne ga magani, ba madadinsa ba.

Ka sa agogo a gabanka, ka bi sakan ɗin na minti biyar. Idan 4 da 6 ba su yi maka daɗi ba, ka gwada 5 da 5. Idan saukowa daga adadin da ka saba zuwa 6 ya yi yawa, ka tsaya a 10 na 'yan kwanaki, sannan 8. Hamma, ƙugin ciki, ko taruwar yawu a baki, duk alamu ne cewa jiki ya shiga hutawa. Jiri kuwa yana nufin kana jan iska da yawa a kowace shaƙa. Ka dakata, ka koma numfashinka na yau da kullum har ya wuce, sannan ka dawo da ƙaramar shaƙa.

Mataki na 6: Horar da tunani

Har zuwa nan kai ne ke tafiyar da numfashi. Yanzu za ka sake shi, ka zama mai kallo. Ka zaɓi wuri ɗaya da kake jinsa sosai, ko bakin hanci inda iska ke shiga da sanyi ta fita da ɗumi, ko cibiya. Ka ajiye hankalinka a nan. Duk fitarwa ka ƙirga ɗaya, har zuwa goma, sannan ka koma farko.

Ba za ka kai goma ba a farkon lamari, kuma ina so ka san haka tun kafin ka fara. Wajen uku ko huɗu za ka tsinci kanka kana lissafin bashi, ko kana maimaita wata magana da aka faɗa maka jiya. Da zarar ka farga, ka koma ɗaya, ba tare da tsaki ko zargin kai ba. Mutane da yawa suna barin wannan aiki saboda sun ɗauka manufarsa ita ce kai ya zama babu tunani ko kaɗan, da suka ga tunani bai tsaya ba sai suka ce sun kasa. Ba su kasa ba. Fargar nan da dawowar su ne atisayen. Wanda hankalinsa ya gudu sau ashirin ya dawo da shi sau ashirin, ya yi aikin sau ashirin ke nan.

Amfaninsa yana bayyana ne a wajen zaman. Wanda ya saba kama hankalinsa yana gudu a kan kujera, shi ne zai kama fushinsa yana tasowa kafin ya kai baki, ya kuma gane cewa ya karanta shafi guda ba tare da ya fahimci komai ba tun kafin ya kai na uku.

Wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya yi nazarin wannan yanayi a shekarun 1970, ya kuma taƙaita hanyar samunsa a abu biyu: maimaita kalma ɗaya ko gajeriyar jimla tare da numfashi, da kuma kawar da kai daga tunanin da ya kutso a koma ga maimaitawar. Ya ba da shawarar minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana. Saboda haka idan lambobi ba sa riƙe ka, kalma za ta iya maye gurbinsu.

Akwai waɗanda sa ido a kan numfashi yake ƙara musu fargaba, musamman masu fama da firgici ko waɗanda suka taɓa shiga wani mummunan tashin hankali. Idan kana cikinsu, kada ka tilasta wa kanka. Ka buɗe ido, ka mayar da hankali kan tafin ƙafarka da ke taɓa ƙasa, ko ka tashi ka yi tafiya a hankali kana shaƙa a taku uku, kana fitarwa a taku huɗu ko biyar. Idan abin ya ci gaba, ka nemi ƙwararre a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ya raka ka.

Mataki na 7: Haɗa shi da ibada da tafakkuri

Masu neman kusanci ga Ubangiji sun riga likitoci sanin darajar numfashi. A ɗariƙar Naƙshabandiyya, ta farko cikin ƙa'idojin da ake jinginawa ga Shehu Abdulkhaliƙ al-Gujduwani, mutumin yankin Bukhara, ita ce kada numfashi ya shiga ko ya fita cikin gafala. Sufayen Kirista na Dutsen Atos a ƙasar Girka suna ɗaura gajeriyar addu'arsu a kan shiga da fitar iska. A Indiya, masu yoga da mabiya Buda sun shafe sama da shekaru 2,000 suna koyar da lura da numfashi. Aƙidunsu sun bambanta nesa ba kusa ba, amma duk sun lura da abu guda: zuciyar da ke haki ba ta iya halarta.

A shekarar 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta BMJ. Sun auna masu karanta addu'ar Katolika da harshen Latin da masu maimaita kalmomin yoga, suka tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, ba tare da an ce musu su yi hakan ba.

A aikace, ga yadda za ka yi. Kafin ka shiga ibada ko addu'a, ka zauna ka yi numfashi goma irin na mataki na 4, don ka shiga da hankalinka a tare da kai. Idan kana zikiri ko wata gajeriyar addu'a da ka saba, ka shaƙa shiru, ka furta a kan fitarwa, ka bar tsawon kalmomin ya ja tsawon iskar. Kada ka tsinke kalma don ta dace da ƙirga, ƙirgar ce za ta bi kalma. A ganina numfashi share fage ne kawai, ba shi ne ibadar ba, kuma bai kamata a mayar da shi wani sharaɗi da addininka bai sa ba. Wanda kuma yake son tafakkuri kawai, ya ɗauki minti biyu yana lura da cewa wannan iskar tana zuwa masa ba da wayonsa ba, ba da ƙarfinsa ba, tun ranar da aka haife shi. Godiyar da ke fitowa daga nan ba ta buƙatar a ƙirƙiro ta.

Mataki na 8: Salo uku na lokacin buƙata

Na farko shi ne wanda na fi ba da shawara idan rai ya ɓaci ko gaba ya faɗi, kuma jikinka ya riga ya san shi, domin ajiyar zuciya ce. Ka shaƙa ta hanci, kafin ka fitar ka ƙara wata 'yar gajeriyar shaƙa a kai, sannan ka saki duka ta baki a hankali har ta ƙare. Shaƙa ta biyun tana buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka lanƙwashe, doguwar fitarwar kuma ta sassauta zuciya. Sau ɗaya zuwa uku ya isa a tsakiyar hidima. A wani bincike na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2023, an sa mutane yin atisaye na minti 5 kullum tsawon wata guda, kuma masu wannan salon ne suka fi samun kyautatuwar yanayin rai idan aka kwatanta da masu zaman lura kawai.

Na biyu, mai kusurwa huɗu: shaƙa 4, riƙe 4, fitarwa 4, jira 4. Yana da kyau kafin jarrabawa ko magana a gaban jama'a, lokacin da kake son natsuwa ba tare da barci ba. Idan 4 ya yi yawa, 3 ma ya yi.

Na uku na dare ne, wanda likitan Amurka Andrew Weil ya yaɗa: shaƙa 4 ta hanci, riƙe 7, fitarwa 8 ta baki. Mai farawa kada ya wuce zagaye huɗu a zama ɗaya, kuma ya yi a zaune ko a kwance. Ƙirgar ba sai ta zama sakan cikakke ba, ka yi ta da saurin da za ka iya. Wajen riƙewa, kada ka ƙulle maƙogwaro ka yi yunƙuri, ka tsayar da motsin kawai. Wanda aka hana shi riƙe numfashi ya tsallake 7 ɗin, ya yi 4 da 8 ko 4 da 6.

Tsohuwar dabarar nan ta sa wa mai haki jakar takarda a baki, ka bar ta. Idan hakin daga zuciya ko huhu yake, jakar tana iya ƙara masa haɗari.

Mataki na 9: Mayar da shi ɗabi'a

Minti biyar kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. A makon farko ka tsaya a mataki na 1 zuwa na 3. A na biyu ka ƙara na 4. A na uku ka shiga na 5, ka kai zaman minti goma. Daga na huɗu ka raba zaman biyu, rabi na numfashi shida a minti, rabi na kallo da ƙirga. Ka liƙa zaman da wani abu da ba ka fashinsa, kamar tashi daga barci ko wanke baki da dare, domin abin da aka bar wa "idan na samu lokaci" ba ya samun lokaci. Ranar da ta kuɓuce maka, kada ka rama da ninki, ka ci gaba washegari kawai.

Idan barci ke ɗauke ka duk lokacin da ka fara, ka bar kwanciya ka koma zama, ka buɗe ido, ko ka mayar da zaman safiya. Idan ƙirga tana sa ka takura, ka watsar da ita gaba ɗaya, ka riƙe ƙa'ida ɗaya tak, fitarwa ta fi shaƙa tsawo.

Bayan mako huɗu ka ɗauko takardar nan ta mataki na 1, ka sake awon a irin lokacin da ka yi na farko, ka kwatanta adadin, hanyar iska, da motsin kafaɗu. Ka duba barcinka da ciwon wuya ma. Idan numfashinka na hutawa yana tsayawa sama da 20 a minti, ko kana haki a aikin da da ba ya sa ka haki, ko kana farkawa da dare iska ta yanke maka, ko an ce kana minshari mai tsayawa, ka kai wannan takardar wurin likita a duba ka. Ciwon ƙirji, leɓɓa su canza launi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, waɗannan ba na jiran gobe ba ne, a tafi asibiti nan take.